Leda ta kashe mini tunkiya, ga shi kuma na ɓata da uwar mijina

Gwaggo, sallama. Ni malamar lakkol ce a nan Tawa, shekarata 6 da aure. Gidan gandu muke zaune, ni da facalata da Hajiya uwar mazanmu, girki kwana bibbiyu, bakin ci ya kai 18. Watan jiya tunkiyar da na yi shekara uku ina kiwo ta fara ramewa, ciki kuwa sai kumbura yake. Da muka ga za ta tafi aka kira mahauci, da ya farke tumbin sai ga dunƙulen baƙar leda ya kai kan yaro, har da igiyar buhu a ciki. Tun ranar na tsani leda. Na hana yara jefar da ita, na ce a daina hura wuta da ita, na kwashi adashina na sayo butalin gaz. Hajiya ta ce tuwon gaz ba ya nuna, kuma ba za a tashi gidan ɗanta da bam ba. Facalata ta sa mini suna Madam Proje. Maigida ya ce in bar shi da abin da ya dame shi. Ranar Talata na tarar da Hajiya tana cusa leda a murhu ga jikanta zaune a gefe, raina ya ɓaci na ce wannan ai jahilci ne. Yau kwana takwas da ka take amsa gaisuwata. In haƙura in zuba ido, ko in ware tukunyata?

Ƙanwata, amin wa alaikis salam. Allah Ya mayar miki da mafi alherin tunkiyarki. Wanda bai taɓa kiwo ba gani yake dabba ce kawai ta tafi, bai san ita ce asusun mace ba, kuɗin magani da gudummawar biki da takalmin yaro duk a jikinta suke yawo.

A kan leda kina da gaskiya. A kan Hajiya kin yi ɓarna, kuma da ita za mu fara, don duk abin da zan faɗa miki ba zai ci ba muddin tsohuwar nan da ka take amsa miki. Kalmar jahilci ta fi ƙarfin bakin suruka, balle a gaban jika. Gobe da safe kafin ki wuce lakkol ki shiga ɗakinta da ɗan goro ko turare, ki durƙusa ki ce bakinki ya zarce, ta yafe miki. Kada ki haɗa da "amma". Kina cewa "amma ai ledar ce" kin kwance abin da kika ɗaura. Zancen ware tukunya kuma ki ajiye shi. Kina warewa murhu biyu za a riƙa hurawa a gida ɗaya, itace ninki biyu, hayaƙi ninki biyu, ga gaba ta ƙaru a kai. Abin da kika fita gyarawa shi za ki ƙara ɓatawa.

Shekarun Hajiya nawa? In ta kai 65, da wayonta aka yi farin 1973, kuma yunwar 1984 da ake kira El-Buhari da goyo a baya ta same ta. Macen da ta ratsa waɗannan shekaru a Adar ba a koya mata tattali. Da ƙwarya da faifai ta yi cefane, mai a kwalba take sayowa, nama a takardar siminti. Tsaki na kaji ne, dusa ta awaki, ƙanzo a shanya a ajiye don ranar da babu, toka a tace a sa a miya, tsohon zane ya koma gammo, in ya ƙara mutuwa ya koma tsumma. Abin da ake tara mu a otal a Yamai ana nuna mana da majigi, ita a cikinsa ta tashi. Ni kaina na taɓa zama irin taron nan, kwana uku ana kukan muhalli, kowa da gorar roba a gabansa ana canzawa kafin ta kai rabi, abincin rana a farar roba an saka a baƙar leda. Ranar rufewa da idona na ga mai shara yana jan buhu biyar. Tun ranar nake taka-tsantsan da wa nake kira jahili.

Leda baƙuwa ce a rayuwar Hajiya, da girmanta ta zo ta same ta, ta karɓe ta don ta ga sauƙi. Saboda haka bayan ta huce, ranar da kika ga tana cikin nishaɗi, ki tambaye ta: "Hajiya, da can da babu leda, da me kuke tada wuta in itace ya jiƙa?" Ki yi shiru ki saurara. Za ki ji kara da ƙirare da ɓawon gyaɗa da busasshen kashin shanu, za ki ji yadda ake aiken yarinya da kasko ta ɗebo garwashi a maƙwabta, ƙila har ki ji labarin kishiyarta da ta rasu. Tsoho ba ya son a ba shi umarni, amma a tambaye shi yana so ƙwarai. In dabarar daga bakinta ta fito ta zama tata, ita za ta tsare ta, kuma facalarki ba za ta kira Hajiya Madam Proje ba.

Kada dai ki manta dalilin da ya sa ake cusa ledar. Tana kamawa nan take, mai girki kuma sauri take, musamman da damina. In kin hana ba ki ajiye madadi ba, kina juya baya za a koma. Ki sami tsohon kwando ki cika shi da kara da ƙirare, ki rataye a rumfar madafa inda ruwa ba ya taɓawa, cika shi ya zama aikin yara duk yamma. Hannu abin da ya fi kusa yake ɗauka.

Damuwarki a kan jikan nan tana kan hanya. Hayaƙin leda da roba guba ne, warin nan mai kama maƙogwaro ma ya isa shaida, kuma wadda ta duƙa tana hura wutar da ɗan da ke bayanta su ne ke fara shaƙa. Ko hayaƙin itace zalla ba abin wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan miliyan 3 ke mutuwa duk shekara saboda hayaƙin girki a cikin gida, mata da ƙananan yara na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Sai dai kada ki kai wa Hajiya miliyan 3. Ki ce mata tarin da yaron ke yi da dare ne ya dame ki. Jikanta ne, ta fi ki jin sa.

Maganar gaz kuwa, ki yi haƙuri, Hajiya tana da rabin gaskiya. Tuwon mutum 18 a kan ɗan kan gaz na butali mai kilo 6 wahala ce, tukunya ta fi mazauninta faɗi, kina danna muciya tana rawa, tuƙi ba ya yiwuwa da ƙarfi. Kin kai gaz fagen da zai sha kaye. Ki janye shi daga tuwo, ki ba shi ƙananan ayyukan da a da ake hura murhu guda dominsu: kunun yara, ɗumame, shayin maigida, miya in an makara. Sannan ga inda nake so ki sa hankali. Sanyi na zuwa, kuma kin san sanyin Tawa na watan Janairu da asuba. Ki riƙa tashi ki ɗora buta, minti biyar ruwa ya yi ɗumi, ki kai wa Hajiya na alwala kafin a kira salla, ba tare da kin ce uffan a kan da me kika ɗumama ba. Ta sani. Na ga tsohuwar da ta rantse gaz ba zai kwana gidanta ba, shekara ba ta zagayo ba ita ke tambaya ko an cika butali, kuma ruwan alwala ne ya yi wannan aiki.

Tsoronta ma kada ki raina, gaz yana yin ɓarna in an yi sakaci. Ki kaɗa ruwan sabulu ki shafa a mahaɗar butali da kan a gabanta, in kumfa na tashi yana yoyo, in bai tashi ba lafiya. Ki ajiye shi inda iska ke ratsawa, nesa da murhun itace da hannun yara, ki rufe da kin gama. Tun da matatar mai ta SORAZ da ke Damagaram ta fara aiki a ƙarshen 2011 gaz ɗinmu na gida ne, kuma farashin da hukuma ta tsayar wa mai kilo 6 sefa 1,800 ne, jaka biyu ba dala 40. Amma kin san akan wayi gari ya yi wuya, mutane na yawo da butali a bayan babur daga wannan depo zuwa wancan. Don haka murhu ba zai bar gidanku ba, gyara shi ya kamata a yi.

A nan ne ma babbar ribar take. Murhun duwatsu uku yawancin zafinsa iska yake ɗumamawa, harshen wuta na fita ta kowane gefe, ga iskar Adar ba ta da kunya. Ki je wurin maƙera da tukunyar tuwonku, ko ki faɗa musu lambarta, su yi miki murhun ƙarfe irin wanda ake kira Mai Sauƙi, wanda tukunya ke nutsewa a ciki wuta ta rungume ta. Girman ya dace da tukunyar, in ya yi mata yawa asara ce. In kuɗi bai kai ba, na laka ma yana yi, a kwaɓa da ciyawa da kashin jaki a gina a kewaye duwatsun, a bar ƙofa ɗaya ta itace. Wannan tuwon itace ne, ƙamshinsa na nan, Hajiya ba ta da ta cewa. Sauran ƙanana ne kin san su: wake a jiƙa tun dare, tukunya da murfinta, itace a fasa shi ƙanana a bar shi ya bushe, in an sauke a zare ragowar a turbuɗe a ƙasa maimakon a bar shi ya cinye kansa. Shinkafa ko wake in sun tafasa sosai, a sauke a naɗe tukunyar da tsohon bargo a cusa a kwando, da zafinta za ta ƙarasa nuna. Gawayi kuwa kada tsabtarsa ta ruɗe ki, sai an ƙona itace kilo biyar ko fiye kafin a sami kilo ɗaya, kuma kada a kuskura a kwana da shi a rufaffen ɗaki don jin ɗumi, yana kisa ba sallama.

Duk wannan a ranar girkinki za ki yi. Ranar facalarki ba ruwanki, ko taya ta ƙona ki ɗauke yaranki ki shiga ɗaki. Sunan da ta sa miki ki amsa da dariya, suna in mai shi bai ji haushi ba ba ya daɗewa.

Maigida kuma da ya ce ki bar shi da abin da ya dame shi, ai ya faɗa miki ƙofar shiga. Kuɗin cefane ne ya dame shi. Ki ɗauki kaye, littafin rubutu irin na ɗalibanki, ki rubuta itacen nawa ke tafiya a kwana biyunki yanzu, mako biyu kina rubutawa. Bayan sabon murhu ki sake mako biyu. Sai ki aje masa lissafin a dala da jaka, kalmar muhalli kada ta fito bakinki. Ki tuna masa kuma abin da ya ci tunkiyarki bai san ragon layya ba, shi ma a tsakar gidan nan ake ɗaure shi. In mai son a kawo masa hujjar addini ne, ya san kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce, bai buƙatar ki yi masa wa'azi.

Ita ledar kanta, tun 2014 aka yi dokar hana shigo da ita da sayar da ita a Nijar, ke ma kin ga inda dokar ta tsaya in kin dubi ƙayoyin bakin gari, kowace da baƙaƙen tutocinta. Kada ki jira hukuma. Mai tumatir ya ba ki ɗaya, mai tattasai ɗaya, mai magi ɗaya, sannan a haɗa su a babba, cefanen jaka guda ki dawo da leda bakwai. Buhun shinkafa da ya ƙare ki kai wa tela ya yi masa hannu, ya zama jakar kasuwa mai shekara. Yaron da za a aika sayen ƙosai ko waina ko koko a miƙa masa kwano mai murfi, dama abinci mai zafi da mai ba abokin leda ba ne, kuma irin wannan ledar mai maiƙo da gishiri ita dabba ta fi bi, ta haɗiye, tumbi ba ya narkar da ita, ta taru ta cushe wurin abinci har dabba ta rame tana ci. Piyawata kuma, dala biyar-biyar ɗin nan in kin tara na wata za ki riƙe baki. Randa mai murfi da moɗa mai tsabta a inuwa ta ishi gida, masu zuwa lakkol kowa da gorarsa.

Duk da haka wata za ta shigo, kuma ba zan ɓoye miki ba, babu wata kyakkyawar makoma da ke jiran ta a garuruwanmu. Abin da za ki iya shi ne ki hana ta ciki uku: cikin wuta, cikin dabba, cikin kwata. Ki rataye buhu a sama inda akuya ba ta kaiwa, duk ledar da ta mutu a cusa, in ya cika a ba masu amalanken shara. Mai kyau a wanke a sake aiki da ita. Wadda aka watsa a lungu ita ce ke toshe magudana, ruwan Agusta ya rasa hanya ya kwanta a gindin katangar laka, sauro ya samu gida. Ambaliyar daminar 2024 ba ta yi nisan da za a manta ba. Matattun batura kuma a ware musu gwangwani, kada su shiga wuta, kada su shiga hannun mai rarrafe.

In kin raba leda da sauran shara za ki ga abin da ya rage ba shara ba ne. Toka, kashin awaki, ɓawon albasa, sharar tsakar gida, wannan taki ne, shi ake kwasa a amalanke a kai gona tun kakanni. Yanzu manoma na karɓar juji suna tsaki don rabinsa leda ce, ta shiga ƙasa ta hana ruwa ratsawa, saiwa ta rasa hanya. In gidanku na da gona a ƙauye, jujinku mai tsabta kyauta ce da za a gode miki a kai.

Akwai wani nauyi da na ji a wasiƙarki da nake so ki sauke. Ba ke kika ɗumama duniya ba. Hayaƙin da Ba'amurke ɗaya ke saki a shekara ya kai na ƴan Nijar ɗari. Naki shi ne tsakar gidan nan da huhun yaranki da garkenki, sai kuma dajin da itacenku ke fitowa, wanda kullum ƙara nisa yake. Kuma ke ƴar Adar ce, ba a Turai za ki nemo abin koyi ba. A kwarin Majiya wajen Buza tun 1975 aka fara jera layukan bedi don tare iska, har yau suna tsaye. A Keita daga 1984 mata ne suka fi yawa cikin masu ɗaukar duwatsu a ka suna farfaɗo da fako. Manoman Illela da Badagishiri da tassa da rabin wata, wato ramukan da ake haƙawa a gona su tare ruwan sama, suka mayar da ƙasar da aka yafe ta koma ba da hatsi. Wataƙila a dangin Hajiya akwai wadda ta ɗauki dutsen nan. Ki tambaye ta wannan ma.

Duk 3 ga Agusta ana dasa itatuwa a yi hoto, kafin Oktoba awaki sun gama da su. Ke guda ɗaya nake so ki dasa, tamaka, wato zogale, daidai inda ake alwala, ruwan da ke zuba sau biyar a yini ya ishe ta. Ruwan wanki mai omo da yawa kada ya je gindinta. Ki kewaye ta da ƙaya ko tsohon kwandon da gindinsa ya fita, kafin shekara kina tsinkar ganye kina kwaɗo. In da hali ki sa Hajiya ta saka irin da hannunta, a riƙa cewa tamakar Hajiya, za ki ga yaron da zai iya karya reshenta.

Sabuwar tunkiya kuma kada ki yi gaggawar saye sai buhun ledar nan ya yi wata guda a rataye kin ga yara sun saba. In kin sayo, ki ɗaure ta, kada a sake ta kiwon bola, ki aje mata kanwa ko gishirin lasa a garke don kwaɗayin gishiri na cikin abin da ke kai su ga leda. Ki gaishe mini da Hajiya, amma sai bayan ta fara amsa taki da baki.